Ƙofa Ɗaya, Gonaki Biyu: A Sa Kwado, Amma a Raba Mabuɗi

'Yan'uwa manoma, akwai rigimar da ba a jin labarinta a rediyo, ba ta kuma kai gaban Gwamna, amma tana cin ƙungiyoyinmu kamar yadda gara take cin rumbu daga ƙarƙashi. Ita ce rigimar ƙofa. Daga Danja zuwa Dabai, daga Tandama zuwa Kahutu, har Bakori da Funtuwa da Malumfashi, za ku ga lambu biyu ko uku cikin shinge ɗaya, masu su suna shiga ta ƙofa ɗaya. Haka yake a cikin gari ma, inda gidaje da yawa suke da zaure ɗaya, ko lungu ɗaya da ake rufewa da dare. Muddin ana shiri, ba wanda yake tunawa a gefen wa ƙofar take. Ran da aka saɓa kuwa, sai a wayi gari a ga sabon kwado.

Ra'ayinmu a kan wannan magana kashi uku ne. Na ɗaya, ƙofar da mutum biyu suka dogara gare ta, ba daidai ba ne ɗaya ya kulle ta shi kaɗai, ko da a cikin gonarsa take. Na biyu, wanda yake bi ta gonar wani yana da nauyi a kansa, kuma wajibi ne ya sauke shi. Na uku, lokaci ya yi da ƙungiyoyin gama kai za su sa a rubuta waɗannan sharuɗɗa tun ana dariya, kafin rai ya ɓaci. Bari mu kawo dalilanmu.

Yadda abin yakan faru

Yawanci ba mugunta ce take fara kawo shi ba. Uba yana da gandu babba a bakin hanya. Ya rasu, aka raba gado. Wa ya sami gefen da yake kallon hanya, ƙane ya sami na ciki, wajen rafi. Tun da su biyu ɗaki ɗaya suka fito, ba wanda ya ga dalilin yin maganar hanya a gaban masu rabo. Shekara ta bi shekara. Ƙanen ya shiga matsi, ya jinginar da gonarsa, ko ya sayar, ko ya ba da haya ga mai noman tumatir. Yanzu baƙo ne yake bi ta ƙofar, da 'yan ƙodagonsa, da amalankensa.

Wata rana wani yaro ya bar ƙyauren a buɗe, awaki suka shiga suka cinye dashen mai gaba. Ya yi magana, ba a ba shi haƙuri yadda ya kamata ba. Aka sake yi. Sai ya tafi kasuwa ya sayo kwado. Na ciki ya zo da asuba da injin ban ruwa, ya tarar da ƙofa a kulle, ya sa adda ya sare shinge. Daga nan sai gaban mai unguwa, sai dagaci, wani lokaci har ofishin 'yan sanda. Matansu sun daina gaisawa a bakin rijiya. In ƙungiya ɗaya suke, ranar taro ɗaya ya zo, ɗaya ya ƙi, kuma kowa yana da mutanen da suke bayansa. Bashin taki da suka tsaya wa juna a kai, ba mai son biya. Ƙofar da ba ta fi kamu huɗu ba ta raba ƙungiya mai mutum talatin.

Ku lura da lokacin da hakan yakan faru. Da rani ne, sa'ad da tumatir da albasa da tattasai suke bukatar ruwa a kai a kai. Tumatir da ya sha ƙishi yana cikin fure, furen zubewa yake yi. Wanda aka tsinka kuwa ba ya jiran shari'a. In kwando bai kai wurin mota ba, mai kai kaya Legas ba zai tsaya ba. Saboda haka kulle ƙofa na kwana uku yana iya cinye wahalar wata uku. Wanda ya sa kwadon ya san haka, shi ya sa ya zaɓi lokacin.

Ƙofar ba ta sake ba, abin da yake bi ta cikinta ne ya sake

Dattawa sukan ce a zamaninsu ba a yin wannan faɗa. Gaskiya ne a wani fanni, amma ba don zukatan mutanen dā sun fi namu taushi ba ne kaɗai. Akwai abubuwa huɗu da suka canja.

Na farko, mutane sun yi yawa, ƙasa kuwa ba ta ƙaru ba. A ƙidayar 1963 an ce mutanen Nijeriya sun kusa miliyan 56. A ta 2006 sun kai miliyan 140. A wannan ƙidaya ta 2006, Ƙaramar Hukumar Danja kaɗai tana da mutum fiye da 125,000 a cikin fili mai murabba'in kilomita wajen 500. Duk lokacin da aka raba gandu, ana haifar da gonar da ba ta taɓa hanya. In aka sake raba ta ga jikoki, sai a sami gona a bayan gona a bayan gona.

Na biyu, kayan aikinmu sun yi faɗi. Hanyar dā an yi ta ne domin mutum da fartanyarsa, da jaki da mangalarsa. Tun shekarun 1930 ma'aikatan gona suke koya wa mutanen wannan yanki noma da shanu, musamman saboda auduga. Sa'an nan a 1975 aka buɗe Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa, ɗaya daga cikin guda uku na farko a ƙasar nan, tare da na Gusau da na Gombe. Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 29 dominsa, aka yi shi har 1980. Ya haɗa ƙasashen Funtuwa, Bakori, Malumfashi, Ƙanƙara da Faskari, Danja kuwa tana ciki. Shirin ya yi hanyoyin karkara, ya kafa cibiyoyin sayar da takin zamani da iri, ya kuma sa masara ta zama babbar shuka a inda dā dawa da auduga suke sarauta. Hanyoyin sun kai kasuwa da ƙauye, amma ba wanda ya auna guntuwar hanyar nan da take tashi daga bakin titi zuwa gonar ciki. Buhunan taki da na masara kuwa ba sa bin hanyar ƙafa. Suna bukatar amalanke, daga baya tarakta, yau kuma har da babur mai ƙafa uku.

Na uku, fadama ta yi daraja. Dā da yawa daga cikinta makiyaya ce da rani, sai ɗan rake da 'yar garka nan da can. Da ƙananan injunan ban ruwa suka yaɗu, musamman a shekarun 1990 lokacin Shirin Fadama na farko, kowane taƙi na bakin ruwa ya zama kuɗi. Wanda ya ga kuɗi a ƙasa, ba ya son barin ko kunya ɗaya ta zama hanya.

Na huɗu, tsoro. Kowa ya san satar shanu da satar mutane da suka addabi kudancin Jihar Katsina a shekarun nan. Injin ban ruwa da tiyo da shanun huɗa duk abin ɗauka ne. Mutumin da ya ce zai kulle ƙofa da dare ba mahaukaci ba ne. Shi ya sa ba mu ce a jefar da kwado ba. Cewa muka yi a raba mabuɗi.

Abin da doka da al'ada suka ce

Wani zai buga ƙirji ya ce, gonata ce, abin da na ga dama shi zan yi da ita. To, bari mu duba.

Tun Dokar Ƙasa ta 1910, da wadda ta gaje ta a Jihar Arewa a 1962, ba a ɗauki manomi a matsayin mai cikakken iko da ƙasa ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta ranar 29 ga Maris, 1978, wadda har yau ita ake bi, ta sa dukan ƙasar jiha a hannun Gwamna amana domin jama'a. Filayen karkara kuwa ƙaramar hukuma ce take kula da su. Abin da manomi yake da shi haƙƙin zama ne da amfani, kuma haƙƙi ne mai ƙarfi, ana gadonsa. Amma dokar nan da kanta ta san cewa akwai haƙƙin da yake manne da wata gona a kan wata gonar, kamar haƙƙin wucewa. Haka kuma shari'ar Ingila, wadda manyan kotunanmu suka gada, ta ce in mutum ya yanki gefen filinsa ya sayar, gefen nan kuwa ba shi da wata mafita sai ta wurinsa, to, ya sayar ne har da hanya, ko ba a faɗa ba.

Ba Ingila kaɗai ba. Dokar Faransa ta 1804 ta ce mai filin da aka kewaye yana da ikon neman hanya ta filin maƙwabci. Amma ta sa sharaɗi: a bi inda ya fi kusa da hanyar jama'a, inda kuma ɓarna ta fi ƙanƙanta, sa'an nan mai wucewa ya biya diyya daidai da ɓarnar. Ku riƙe wannan sharaɗi, gama za mu komo gare shi.

A nan gida ma maganar ba sabuwa ba ce. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo na Gwandu ya rubuta littafi a kan mallakar ƙasa mai suna Ta'alim al-Radi, inda ya yi bayanin hurumin gari da na rijiya, watau filin da ba a yarda wani ya mamaye ba domin jama'a suna bukatarsa. Maƙwabtanmu Musulmi kuma suna da hadisin da ya ƙayyade faɗin hanya zira'i bakwai in an yi saɓani a kanta, watau mita uku da 'yan kai. Al'adar kakanninmu ita ma ta san haka. Ba a taɓa jin mai unguwa na kirki ya ce wa mutum, gonarka taka ce, amma sai ka yi fiffike ka shiga.

Ashe ke nan dokar gwamnati, da ta Turawa, da ta malamai, da al'ada, duk bakinsu ɗaya: gonar da ba ta da hanya ba gona ba ce. Mai kwado ba shi da wurin tsayawa.

Mai gaba shi ma yana da gaskiyarsa

Kada na ciki ya karanta wannan ya yi ta murna. Mai gaba yana da ƙorafi uku, kuma dukansu abin saurara ne.

Yakan ce, ni ne nake asara. Shi ne ƙafar amalanke take taka masa kunya. Shi ne ƙasarsa take daddaɓewa har garma ta kasa shiga. In an bar ƙofa a buɗe, shukarsa ce ta farko a bakin akuya. Na ciki yana cin riba, shi kuwa yana gyaran shinge. Wannan gaskiya ne. Maganinsa shi ne mai wucewa ya ɗauki rabonsa na wahala: ƙaya, itace, ƙyaure, kwado, da biyan ɓarna in yaransa ne suka yi sakaci.

Yakan kuma ce, da mahaifinka muka yi magana, jaki ɗaya yake da shi, kai kuwa ka zo da tarakta. Wannan ma gaskiya ne. Izinin da aka ba mai tafiya a ƙafa bai zama izinin mota ba. In bukata ta ƙaru, sai a sake zama. Wanda yake son a faɗaɗa hanya, shi ne zai fara zuwa da sallama, ya kuma zo da abin da zai bayar.

Ƙorafi na uku shi ne mafi nauyi. Yakan ce, in na bari yau, gobe 'ya'yansa za su ce hanyar tasu ce, har su kafa iyaka a tsakiyar gonata. Wannan tsoro ba na banza ba ne, gama mun san aro yakan zama gado in shaidu sun mutu. Mutane da yawa da suke kulle ƙofa, so suke kawai su nuna cewa ƙasar tasu ce. Amma kwado ba ya zama shaida a gaban alƙali. Takarda ce take zama. In an rubuta cewa ƙasar hanyar ta wane ce, wane kuwa haƙƙin wucewa kaɗai yake da shi, to, mai gaba ya fi kowa samun kariya. Rubutun da yake gudu, shi ne garkuwarsa.

Wasu kuma sukan ce, rubutu tsakanin 'yan'uwa rashin yarda ne. Mu ba mu ga haka ba. Ba domin ku biyu ake rubutawa ba, domin ku kun san abin da kuka ƙulla. Domin 'ya'yanku ne, da matan da za ku bari, da baƙon da zai sayi gonar bayan shekara ashirin. Gwauruwar da mijinta ya rasu ya bar mata gayauna a can ciki, ita ce ta fi kowa shan wuyar maganar baka, gama ba ta da ƙarfin sare shinge, ba ta kuma da kuɗin zirga-zirgar kotu.

Mu yi lissafi

Mu manoma ne, mun san ƙirga buhu. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, watau mita 100 tsawo, 100 faɗi. A ce an bar hanya mai faɗin mita uku da rabi a gefenta, daga wannan kai zuwa wancan. Filin da ta ci shi ne murabba'in mita 350. Wannan kashi uku da rabi ne cikin ɗari na gonar. A ce kuma gonar tana ba da buhu 20 na masara. Abin da hanya ta cinye bai kai buhu ɗaya ba. In hanyar ta bi kan iyaka, maƙwabta biyu suka ba da rabi rabi, kowa bai rasa ko rabin buhu ba.

Yanzu ku sa wannan a ma'auni ɗaya, ku sa kuɗin rigima a ɗayan. Kuɗin mota zuwa kotu, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Abincin shaidu. Kwanakin aiki da suka tafi a banza, watakila a tsakiyar noman farko. Kuɗin magani in an kai ga sanda. Sa'an nan abin da ba ya ƙirguwa: wanda zai fito in wuta ta kama rumbunka da tsakar dare, wanda zai ara maka sa in naka ya gurgunce, wanda zai zo gayyarka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ya ci shari'a a kan maƙwabcinsa, gobe ma shi zai gani a kan iyaka.

Darasin burtali

In muna son ganin ƙarshen hanyar da kowa yake gutsura, mu dubi burtali. Kakanninmu sun bar wa dabbobi hanya tsakanin gonaki, suka dasa shinge dama da hagu, domin garke ya wuce zuwa mashaya ba tare da ya taɓa shuka ba. A 1965 gwamnatin Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya. Duk da haka a wurare da yawa wannan ya ƙara kunya ɗaya, wancan ya ƙara biyu, har burtalin ya zama siririn da saniya ɗaya ba ta iya bi. Shanu kuwa dole su sha ruwa. Da hanya ta toshe, sai suka bi ta cikin dawa. Abin da ya biyo baya, ba sai mun faɗa muku ba. Har masu Shirin Fadama sun gane haka. A kashi na biyu na shirin, wanda ya fara a 2004, aka sa masu lambu da makiyaya da masunta da sauran masu amfani da fadama su zauna cikin ƙungiya ɗaya su tsara amfaninta tare.

Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun yi wani abin koyi. A 1993 suka kafa dokar ƙasar karkara. A ƙarƙashinta akwai kwamitocin ƙasa tun daga matakin ƙauye, inda mai gari yake zama da wakilan manoma, da makiyaya, da mata, da samari. Su ne suke shaida takardun saye, da kyauta, da aro, da jingina. A ƙasar Maraɗi da sauran wurare an kafa alamu a gefen hanyoyin dabbobi domin kowa ya ga iyakarsu. In kuma an yi rigima, sai an fara neman sulhu a gaban sarakunan gargajiya, a rubuta abin da aka yi, kafin a je kotu. Ba mu ce rigima ta ƙare a can ba. Amma sun gane cewa hanya ita ma dukiya ce, tana bukatar mai tsaro da takarda. Ba sai mun jira gwamnati kafin mu yi irin wannan a cikin ƙungiyoyinmu ba.

Abin da muke ba da shawara

1. Kowace ƙungiya ta zaɓi mutum uku ko biyar masu kula da iyaka da hanya. A sa dattijo wanda ya san tarihin gonaki, da mace, da saurayi wanda ya iya rubutu. Kada a sa wanda yake da rigima da wani.

2. Bayan kaka, kafin a fara dashen rani, su zaga su ƙirga duk gona ko lambun da ba ya taɓa hanya. Su tafi da sanin mai unguwa, gama ƙungiya ba ta maye gurbin sarauta ba.

3. Ga kowace ƙofa, a zauna da masu ita a rubuta abu bakwai: ƙasar hanyar ta wane ce, su wa suke da ikon bi, faɗinta nawa ne, da me za a bi, ƙafa ko amalanke ko tarakta, wane lokaci ake kullewa da buɗewa, wa yake gyara, kuma wa yake biyan ɓarna.

4. A bi inda ɓarna ta fi ƙanƙanta. Kan iyaka ya fi tsakiyar gona. In ƙasa ta jiƙe da damina, mai tarakta ya jira ta sha iska. A dasa abin da zai daɗe a gefen hanyar, kamar bini-da-zugu, ko zogale, ko gamba, domin shuka mai rai ba ta mantuwa kamar mutum.

5. Kwado ɗaya, mabuɗi ga kowane gida. In kuna tsoron ɓatan mabuɗi, ga dabara mai sauƙi: a ɗaure ƙofar da sarƙa, kowa ya sayo kwadonsa, a sarƙafa kwadon wannan a cikin na wancan, su biyun su haɗa bakin sarƙar. Kowa ya buɗe nasa, sarƙa ta saki. Ba mai jiran wani, ba kuma mai iya cewa an ba wani mabuɗinsa.

6. Mai wucewa ya riƙa ba da wani abu kowace shekara, ko da tiya biyu ce ta hatsi ko kwando ɗaya na tumatir, a kuma rubuta an bayar. Ba yawansa ne abin dubawa ba. Shi ne yake tuna wa kowa cewa ƙasar tana da mai ita.

7. A yi takarda huɗu: ɗaya ga kowane maƙwabci, ɗaya a akwatin ƙungiya, ɗaya wurin dagaci. Shaidu su sa hannu ko su dangwala.

8. Duk ranar da za a raba gado, ko a sayar, ko a jinginar, ko a ba da haya, a fitar da hanya tukuna kafin a auna rabon kowa. Mai saye kuma ya tambayi ƙofa kafin ya tambayi kuɗi.

9. In rigima ta riga ta tashi, ƙofa ta zauna a buɗe yadda take dā har a gama sulhu. Shuka ba ta yi wa kowa laifi ba. Ƙungiya ta sa wannan cikin dokokinta, wanda ya kulle ko wanda ya sare shinge a ci shi tara daidai wa daida.

Akwai kuma maganar baki. Yawancin ƙofofin da aka kulle, kalma ce ta kulle su kafin ƙarfe. Akwai bambanci tsakanin saurayin da ya ce, "Ai hanyar ubana ce," da wanda ya je da yamma ya durƙusa ya ce, "Kawu, yarana sun bar ƙofa, an yi maka ɓarna. Ka yi haƙuri, a duba abin da ya lalace in biya." Haka kuma akwai bambanci tsakanin dattijon da ya yi shiru ya sayo kwado, da wanda ya aika aka kira yaron ya ce, "Ɗana, zauna. Amalanken nan yana cin kunyata. Yaya za mu yi?" Harshe da haƙori ma sukan saɓa, amma baki ɗaya suke kwana.

Kada a sa wa ƙofa rigar da ba tata ba

Akwai gargaɗi ɗaya da ba za mu bari ba. A ƙasarmu Kirista da Musulmi iyaka ɗaya suke, manomi da makiyayi mashaya ɗaya suke. In rigimar ƙofa ta faɗo tsakanin mutum biyu da ba addininsu ɗaya ba, ko ba yarensu ɗaya ba, akwai masu jira su ce ai saboda kaza ne aka yi maka haka. Kada ku ba su kunne. Mutanen Funtuwa ba su manta ba yadda wutar da ta tashi a Kafanchan a watan Maris na 1987 ta iso har garinsu. Rikicin Zangon Kataf na 1992 kuwa, da gardamar inda za a ci kasuwa ya fara. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. In irin wannan ta taso, a kira dattawan ɓangaren biyu su zauna tare tun rana ɗaya, a tsaya a kan maganar ƙofa, faɗinta da mabuɗinta, kada a bar ta ta zama wata magana.

Tambayoyi domin taronku na gaba

Gonaki nawa ne a cikin ƙungiyarku da ba su taɓa hanya? A cikinsu nawa ne na gwauraye da marayu? Akwai ƙofar da kuka san ana gunaguni a kanta amma ba a fito fili ba? Wa zai je ya ga masu ita a cikin makon nan? Burtalin da ya bi ta ƙauyenku, faɗinsa na yau ɗaya ne da wanda dattawa suka sani?

Ku tattauna waɗannan, magatakarda ya rubuta abin da kuka yanke. Rigakafi ya fi magani. Kwado da sarƙa da takarda huɗu ba su kai kuɗin zuwa kotu sau ɗaya ba, lokacin sayensu kuwa shi ne yanzu, tun kuna gaisawa. Allah ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya da maƙwabta.